Hantsi a Kwalba: Bitamin D da Maganar Mura

Bara, ana gab da shiga hunturu, ƙanwata da ke aure a Manchesta ta aiko wa gida tsaraba ta hannun wani da ya zo hutu. Da aka kwance ƙunshin, ban da turare da safunan yara, sai ga kwalabe shida na ƙwayar bitamin D, kowacce an liƙa mata 'yar takarda da sunan mai ita. Da daddare ta bugo waya tana jaddadawa: "Yaya, don Allah ku riƙa sha kullum, kar ku yi wasa. Nan likita ne da bakinsa ya ce mu sha, kuma tun da na fara ban sake yin murar da ta kwantar da ni ba." Ƙanenmu, wanda ke sayar da kayan gini a bakin titi, tun hantsi har la'asar rana na dukan ƙeyarsa, ya juya tasa kwalbar ya ga an zana rana a jikinta, ya ce, "To ni da nake soyuwa kullum, ita ma ranar sai an aiko mini da ita daga Ingila?" Aka yi dariya aka tashi. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin abin da ya tambaya cikin raha shi ne masana suka shafe kusan shekara ashirin suna zuba maƙudan kuɗi a kansa.

Bari mu fara da abin da ba a gardama a kai. Sunansa bitamin, amma ya sha bamban da yawancin 'yan'uwansa: su sai an ci su a abinci, shi kuwa jiki ke ƙera shi. Akwai wani maiƙo a cikin fata, ɗan'uwan kolastarol. In wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, ya sauka a kansa, sai ya rikiɗe ya zama bitamin D3. Jini ya kai shi hanta ta gyara, ƙoda ta ƙarasa, sannan ya zama abin da ke aiki. Wanda ya fito daga hannun hanta shi ake aunawa in an ɗebi jinin mutum. Aikinsa da aka daɗe da sani shi ne buɗe wa kalsiyam ƙofa daga hanji zuwa jini. In ya yi ƙaranci ƙashin yaro ba ya ƙwari, ƙafafu su lanƙwashe su zama baka ko gwame, wuyan hannu ya yi kauri, haƙarƙari ya yi taushi. Wannan ciwon ne ma ya kai ga gano shi, domin ya zama ruwan dare a biranen Turai masu hayaƙin masana'antu, inda yara ke tashi a lungunan da rana ba ta leƙawa. A 1919 wani likita a Balin, Kurt Huldschinsky, ya warkar da irin waɗannan yara da hasken wata fitila ta musamman. A shekarar ne kuma Edward Mellanby a Ingila ya nuna man hantar kifi na warkar da 'yan kwikwiyo masu ciwon. A 1922 Elmer McCollum a Amurka ya tabbatar cewa sinadari ne dabam, aka ba shi harafin D tun da an riga an raba A da B da C.

Rana kuwa ba iri ɗaya take a ko'ina ba. In ta yi ƙasa-ƙasa a sararin sama, haskenta sai ya ratsa iska mai kauri kafin ya iso, UVB ɗin ya ƙare a hanya. Wani bincike na 1988 ya nuna a birnin Boston na Amurka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko mutum ya wuni a waje fatarsa ba ta ƙera komai. Manchesta ta fi Boston nisa can arewa. Ga shi baƙar fata na tace hasken, sai mai ita ya fi farar fata daɗewa a rana kafin ya sami abin da wancan ya samu. Shi ya sa tun 2016 hukumomin lafiya na Ingila ke ba jama'a shawarar shan IU 400 a kullum daga Oktoba zuwa Maris. IU ɗin nan shi ne awon da ake rubutawa a jikin kwalba. Masu baƙar fata da masu rufe yawancin jikinsu kuwa an ce su duba yiwuwar sha duk shekara. Ke nan ƙanwata, baƙar mace mai hijabi da ke aiki a cikin gini a garin da rana ke ƙiwuya, likitanta bai ɓatar da ita ba. Amma lafiyar ƙashi da tsoka aka duba wajen ba da wannan shawara. Maganar mura ita ce ta ƙara da kanta, kamar yadda miliyoyin mutane ke ƙarawa.

Mu kuwa a nan, Kano tana daraja 12 ce kacal arewa da tsakiyar duniya, babu watan da ranarta ke gazawa. Sai dai wani abu da zai ba mutanenmu mamaki: hantsin farko da muke sha a jingine da katanga da sanyin safiya, ɗumi ya fi bayarwa. Alamar da masana ke bayarwa mai sauƙi ce, in inuwarka ta fi ka tsawo, abin da fata ke samu kaɗan ne. Gilashin taga da na mota kuma suna tare UVB, sai zafin kawai ya shigo.

To ta ina ƙirji ya shigo maganar ƙashi? Tsohon zance ne. A 1848 likitocin asibitin Brompton a Landan sun riƙa ba masu tarin fuka man hantar kifi, suka lura waɗanda ke sha sun fi yin ƙiba, kuma ba su kai sauran mutuwa ko tsanantar ciwo ba. Daga baya aka riƙa kai masu tarin gidajen jinya a kan duwatsun Turai, a jera gadajensu a baranda su sha rana. Niels Finsen, likita a Danmak, ya sami kyautar Nobel a 1903 saboda warkar da tarin fuka na fata da haske. Da aka samo magungunan kashe ƙwayar cutar a shekarun 1940, sai aka nannaɗe wannan tabarma aka jingine. Ba a sake shimfiɗa ta sosai ba sai 2006, lokacin da ayarin Robert Modlin a Kalifoniya suka nuna abin da ke faruwa a cikin fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun garkuwar jiki. In ɗayansu ya ci karo da ƙwayar tarin fuka, yakan ɗebi bitamin D daga jini, ya ƙarasa gyaran da kansa ba tare da jiran ƙoda ba, sannan ya yi amfani da shi ya ƙera wani makami mai suna katelisidin, wanda ke huda jikin ƙwayar cuta. Suka kuma gano cewa jinin baƙaƙen Amurka da suka gwada, saboda ƙarancin bitamin D a cikinsa, bai iya tayar da wannan makami sosai ba, sai da aka ƙara masa.

A 2006 ɗin dai wani likita Ba'amurke, John Cannell, da abokan aikinsa suka farfaɗo da wata tambaya da Edgar Hope-Simpson na Ingila ya yi tun 1981: me ya sa annobar mura mai zazzaɓi ke bin lokacin sanyi, a arewacin duniya da kudancinta, kamar an sa mata agogo? Suka ce amsar ita ce bitamin D, domin lokacin ne yake ƙasa a jinin mutane. A 2009 aka duba bayanan Amurkawa kusan 19,000, aka tarar cikin masu ƙarancinsa sosai kashi 24 cikin ɗari sun yi mura kwanan nan, masu isasshe kuwa kashi 17. Magana ta haɗu tsaf: ga tarihi, ga hujjar ɗakin gwaji, ga lokaci, ga ƙididdiga. Masu sayar da ƙwayoyi ba su jira ƙarin bayani ba.

Nan ne fa ake zamewa. Wanda ya ga ungulu na kewaya mushe ba zai ce ita ta yi kisan ba. Su wane ne masu ƙarancin bitamin D a jini? Tsoho da ba ya fita, mai ƙiba wanda kitsensa ke shanye shi ya ɓoye, mai ciwon ƙoda ko hanta, mai jinyar da ya daɗe a ɗaki, talakan da abincinsa bai taka kara ya karya ba. Waɗannan duk masu saurin kamuwa da ciwon ƙirji ne, da bitamin ko babu. Ciwon kansa ma yana saukar da shi: an auna mutanen da aka yi wa tiyatar gwiwa a Sikotilan, cikin kwana biyu adadinsa a jininsu ya faɗi da kusan kashi 40 cikin ɗari, ba don sun rasa rana ba, don jiki ya shiga halin kumburi. Ke nan in ka auna majinyaci ka ga nasa ya yi ƙasa, ba ka san wanne ya riga wani ba. Ita ma ƙanwata da ta ce tun da ta fara sha ba ta sake kwanciya ba, ba ta da hanyar sanin abin da zai faru da ba ta sha ba. Babba lafiyayye kan yi mura sau biyu ko uku a shekara, yaro shida zuwa takwas, wata shekarar ta zo da sauƙi, wata ta zo da nauyi.

Hanya ɗaya ce ke raba gardama. A tara mutane, a jefa ƙuri'a, rabi a ba su ƙwayar gaske, rabi a ba su fanko mai kama da ita, kada mai sha ko mai bayarwa ya san wacce ce wacce, sannan a zauna a ƙirga wa ya yi mura. An yi haka sau da dama, kuma sakamakon farko-farko ya yi ta karo da juna. A Jafan, a sanyin 2008 zuwa 2009, 'yan makaranta 334 aka raba biyu; cikin masu shan IU 1,200 a kullum 18 suka kamu da nau'in mura mai zazzaɓi da ake kira A, cikin masu fanko 31, amma a nau'in B ba a ga kariya ba. A Ulanbato, babban birnin Mongoliya, inda sanyi ke daskarar da komai kuma jinin yaran kusan babu bitamin D a ciki, an zuba IU 300 kacal a madarar da suke sha kullum, ciwon mura da tari ya ragu da kusan rabi. Sai kuma ga Niyu Zilan a 2012: manya lafiyayyu 322, waɗanda yawancinsu dama suna da isasshe, ana ɗura wa rabinsu IU 100,000 duk wata har wata goma sha takwas. Masu sha suka yi mura sau 593, masu fanko sau 611, wato jirgi ɗaya ya kwaso su. A Kabul ta Afganistan kuma cikin jarirai 3,046 rabi aka riƙa ba babban awo duk wata uku, ciwon namoniya bai ragu ba ko kaɗan.

A 2017 Adrian Martineau na jami'ar Queen Mary a Landan da abokansa suka yi aikin da har yau ake kafa hujja da shi. Suka karɓo bayanan mutum ɗaiɗai daga gwaje-gwaje 25, kusan mutum 11,000, suka haɗa su wuri guda. Abin da ya fito: bitamin D na rage haɗarin kamuwa da ciwon hanyoyin numfashi da kimanin kashi 12 cikin ɗari. Jaridu suka ɗauka da ƙarfi, amma in aka mayar da lissafin zuwa mutane, sai mutum 33 sun sha kafin ɗaya ya tsira daga ciwo ɗaya. Abin da ya fi jan hankali yana ciki-ciki. Masu shan kaɗan-kaɗan kullum ko mako-mako su ne suka amfana, masu karɓar tuli a lokaci guda ba su sami komai ba. Cikin masu tsananin ƙaranci da ke sha kullum kuwa, mutum huɗu sun isa a ga ɗaya ya tsira. Fassarar ta kwanta a hankali: tulun da ke cike ba a ƙara masa ruwa, wanda ya ƙafe shi ke karɓa, kuma jiki ya fi son yayyafi a kan ambaliya.

Da a nan labarin ya tsaya, da na rubuta shi cikin sauƙi. Amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun fi na farko girma nesa ba kusa ba, kuma kusan dukkansu sun dawo hannu rabbana. Wanda ya fi ba ni tunani shi ne na Mongoliya na biyu, wanda aka buga a 2020. Yara 8,851, kusan dukkansu masu ƙaranci, ana ba rabinsu IU 14,000 duk mako har shekara uku, rabi kuma fanko. Jinin masu sha ya cika yadda ake so, amma ba su fi sauran tsira daga ƙwayar tarin fuka ba, haka ma mura da tari. Ga tulun da ya ƙafe, an cika shi, ba a ga komai ba. A Ostireliya an bi tsofaffi fiye da 21,000, rabinsu masu shan IU 60,000 duk wata. Yawan kamuwa bai canza ba, sai ɗan ragin tsawon ciwon da bai wuce rabin yini ba. Da Martineau da abokansa suka sake lissafi a 2021 da mutum fiye da 48,000, kashi 12 ya koma 8, kuma ba a ƙara ganin tabbacin cewa masu ƙaranci sun fi amfana ba. Ɗan amfanin da ya rage ya taru ne wajen yara daga shekara ɗaya zuwa goma sha biyar, da masu shan IU 400 zuwa 1,000 a kullum.

Korona ta zo ta hura wutar. Wani ƙaramin gwaji na majinyata 76 a Kordoba ta Sifen ya ba da sakamako mai daɗi a 2020, saƙonni suka cika wayoyi, har a kemis ɗin unguwa kwalaben suka yi tsada. Amma a Sawo Fawulo ta Barazil an ba majinyata 240 ko dai IU 200,000 a tashi ɗaya ko fanko, kwanakin da suka yi a asibiti ba su bambanta ba. A Birtaniya Martineau da kansa ya jagoranci gwajin mutum 6,200, inda aka auna jinin kusan rabinsu aka ba masu ƙaranci ƙwaya har wata shida. Ba korona ba, ko murar yau da kullum ba ta ragu ba. A Norwe mutum 34,601 suka sha cokali guda na man hantar kifi ko na man masara a lokacin sanyi, sakamakon ɗaya. A 2025 ayarin Martineau ya sake haɗa komai, mutum fiye da 60,000, ragin ya koma kusan kashi 6, kuma ya yi sirantar da ba za a iya rantsuwa cewa ba dace ba ne kawai. Ina ganin girman mutumin nan a kan haka. Shi ya ɗaga maganar sama, shi kuma ya buga lissafin da ya sauko da ita, abin da ba kowane malami ke iyawa ba.

Yadda na karanta shi ke nan: goma sha biyu, takwas, shida. Duk sanda aka ƙara yawan mutane sai amfanin ya ƙara tsukewa, kuma maganin da ke da ƙarfi da gaske ba haka yake yi ba. Abin da aka gani a ɗakin gwaji gaskiya ne, dakarun jiki na amfani da bitamin D. Mota ma na buƙatar baƙin mai, amma ƙara mata galan biyu a kan ƙa'ida ba ya sa ta gudu. Mai yiwuwa akwai ɗan amfani ga yara masu shan kaɗan kullum. Ƙungiyar Endocrine Society ta Amurka ma a 2024 ta ba da shawarar a riƙa ba 'yan shekara ɗaya zuwa goma sha takwas, saboda ƙashi, tare da fatan rage ciwon ƙirji. Ta haɗa da masu ciki, da waɗanda suka kai 75, da waɗanda sukarinsu ya fara hawa. Baligi lafiyayye ɗan ƙasa da 75 kuwa ta ce ba ya buƙatar ƙari a kan ƙa'ida, ba ya ma buƙatar gwajin jini haka kawai, ko da baƙar fata ne.

Kada kuma ƙanena ya yi saurin cewa ya ci gari. Zaton cewa duk ɗan Afirka a ƙoshe yake saboda rana ba ya tsayawa. Makiyayan Masai da mafarautan Hadza na Tanzaniya, waɗanda rayuwarsu a fili take, an auna su an sami kimanin nanomol 115 a litar jini, alhali 50 ake ɗauka isasshe a yawancin wurare. Amma wani nazari na 2020 da ya tattara bincike daga ƙasashen Afirka 23 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku bai kai 50 ɗin ba, kuma abin ya fi yawa a birane, da wajen mata, da jarirai sababbin haihuwa. In ka duba yadda zamanmu ya sauya ba za ka yi mamaki ba. A gidan gargajiya, ko matar da ke kulle tana da tsakar gida: can take daka, can take wanki da shanya, can take girki, da ɗaurin ƙirji ko 'yar riga, sama a buɗe. Yau amarya na tarewa a bene mai ɗaki uku, tagogi da labule masu kauri, in za ta fita ta rufe jiki ta shiga mota. Maigidan ma daga gida sai ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ya fita da sassafe ya dawo bayan magariba. Jariri kuma nonon uwa, duk da ba abin da ya kai shi, ba shi da bitamin D da yawa, ga shi a naɗe cikin zani da hula. Abincinmu ba ya cike giɓin sosai, domin inda ake samunsa kaɗan ne: kifi mai maiƙo irin su titus da sadin na gwangwani, gwaiduwar ƙwai, hanta, da man shafa a burodi ko madarar da aka ƙara musu shi.

Akwai darasi biyu daga nahiyar nan da ya kamata a ajiye su kusa da juna. A Adis Ababa, wani bincike na 1997 ya nuna ciwon taushin ƙashi ya ninka sau goma sha uku a tsakanin yara masu namoniya in an gwada da sauran yara. Dalili ɗaya a bayyane yake: haƙarƙari mai taushi ba ya iya buɗe huhu da kyau, tari ba ya fitar da majina. Ke nan yaro mai wannan ciwo yana cikin haɗarin ƙirji na gaske, kuma magance shi wajibi ne. Amma mene ne maganin? A asibitin koyarwa na jami'ar Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa sun raba yara 123 masu lanƙwasassun ƙafafu gida uku, sakamakon ya fito a 1999. Bayan mako 24, cikin waɗanda aka yi wa allurar bitamin D kaɗai kashi 19 cikin ɗari ne suka kai matakin warkewa. Masu shan kalsiyam kaɗai kashi 61. Masu haɗa biyun kashi 58. Yaran Jos ba rana suka rasa ba. Abincinsu ne, tuwon masara da kunu ba madara, ke ba su kalsiyam kimanin miligiram 200 kacal a yini. Daga baya ma an nuna a can cewa garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙaya yana warkar da su. Littattafan Turai sun ce ciwon na rashin bitamin D ne, kuma a Turai haka ne. Da aka auna a Filato sai aka sami wani abu dabam. Duk sanda aka aiko mana da amsa a kwalba daga ƙasar sanyi, Jos nake tunawa. Nono, da ƙananan kifi, da miyar kuka, wadda ganyenta ke da kalsiyam sosai, sun fi kusa da matsalar waɗannan yara.

Murar hunturu kuwa tana da dalilanta a fili. Iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura, da yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ta busar da hanci da maƙogwaro har su tsattsage, majinar da ke kama ƙwayoyin cuta ta kasa aikinta. Ƙwayar bairos ɗin da ta fi jawo mura ta fi hayayyafa a hanci mai sanyi. Dare ya yi, a rufe ƙofa da taga, mutum takwas a ɗaki guda, wani ya shigo da kaskon gawayi, ɗaya ya yi atishawa kowa ya shaƙa. Hazo na rage hasken rana, gaskiya ne, amma ba ya mayar da Kano Manchesta, kuma abin da jiki ya tara yana ɗaukar makonni kafin ya ragu. Ƙwayoyin da ke sa mura sun haura iri ɗari biyu, shi ya sa ba ta da rigakafi guda, kuma maganin kashe bakteriya da ake saya barkatai ba ya taɓa su.

Wanda zai sha, ya san awo. Ƙa'idar Amurka IU 400 ce ga jariri, 600 daga shekara ɗaya zuwa saba'in, 800 ga wanda ya haura, kuma iyakar da aka ce kada baligi ya wuce ba da izinin likita ba ita ce 4,000 a yini. Wannan ba irin bitamin C ba ne da rarar ke fita a fitsari. A kitse yake taruwa. In ya yi yawa kalsiyam ya cika jini, sai tashin zuciya, da amai, da ƙishirwa, da yawan fitsari, da taurin ciki, da ruɗewa, har tsakuwar ƙoda ko lalacewarta. Rana ba ta jawo haka, domin fata na da birkinta. Ƙwaya ce ke jawowa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ƙwayar IU 50,000, wadda likita kan rubuta a sha sau ɗaya a mako na ɗan lokaci ga wanda aka auna aka ga yana da ƙaranci. Na taɓa tsayawa a wani kemis na ji yaron shago na ce wa wata baiwar Allah, "Hajiya, wannan ya fi ƙarfi, ɗaya kullum bayan abinci." Ko a Ostireliya, da aka gwada ba tsofaffin mata IU 500,000 sau ɗaya a shekara, faɗuwa da karaya ƙaruwa suka yi.

Mura dai takan wuce cikin mako guda ko kwana goma. Wadda ke kisa ita ce namoniya, da mutanenmu ke kira ciwon haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 740,000 a 2019, UNICEF kuma ta ƙiyasta 162,000 a Najeriya kaɗai a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Abubuwan da aka tabbatar suna rage wannan ba a gardama a kansu: allurar rigakafin namoniya da Najeriya da Nijar suka shigar cikin rigakafin yara tun 2014, da ta ƙyanda da tarin shiƙa, da shayar da nono zalla wata shida, da nisanta jariri daga hayaƙin murhu. Sai kuma uwa ta iya ƙirga numfashi. Ta ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, ta duba agogon waya minti ɗaya cur. In ɗan wata biyu zuwa goma sha ɗaya ya kai 50, ko ɗan shekara ɗaya zuwa biyar ya kai 40, ko ta ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja iska, to ba maganar kemis ba ce, asibiti za a nufa a ranar.

Kwalabe shidan nan, ga yadda aka ƙare da su. Da na duba, IU 400 ce kowace ƙwaya, awon da ba ya cutarwa. Hajiyarmu, wadda ta haura saba'in da biyar kuma ciwon gwiwa ya hana ta fitowa tsakar gida sai da dalili, tana shan tata kullum bayan kunun safe. Da ta ƙare muka haɗa mata da ta wani. Matar ɗan'uwanmu da ke da ciki ta tafi da tata awo ta nuna wa malamar asibiti, aka ce ta ci gaba. A watan Janairu mura ta zagaye gidan kaf, da masu sha da marasa sha. Da na faɗa wa ƙanwata, sai ta ce, "Ai Yaya da ba ku sha ba da ta fi haka." Ban ja da ita ba. Ta ƙanenmu kuwa har yanzu tana shagonsa a kan kanta, kusa da kwalin ƙusoshi, ba a ko ɓalle murfin ba, rana ta kusa cinye rubutun da ke jikinta.